Lambar Yayana a Rajistar Soja

Takardar ta iso gidanmu ne da kaka, a shekarar ƙarshe ta yaƙin basasa. Ana cikin yankan gero, tsakar gida cike da dammuna, sai masinjan gidan waya ya yi sallama ya miƙa wa Baffa ambulan mai ruwan ƙasa. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar tsohonmu. Ni kaɗai na yi boko a gidan, ina koyarwa a wata firamare cikin garin Daura, don haka aka aika aka kira ni daga aji.

Layi uku ne da Turanci. Sunan Yaya, lambarsa ta soja, sai jimla ɗaya mai gaɓa biyu: ba a ga wannan soja ba tun bayan wata arangama a bakin kogi, kuma ana zaton an kashe shi. Na karanta a zuci sau biyu. Da na ɗaga kai sai na ga Inna tsaye a ƙofar ɗakinta da faifai a hannu, ta kau da fuska kamar maganar ba ta shafe ta ba. Yaya ɗanta ne na fari. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta zauna da shi sun yi hira ba, in za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Amma ba ta koma ɗaki ba, tana nan tsaye tana jira.

Sai na fassara gaɓar farko kaɗai. Na ce sun ce ba su gan shi ba, suna nemansa. Baffa ya tambaye ni ko shi ke nan, na ce shi ke nan. Na linke takardar na sa a aljihu, na koma makaranta na ƙarasa darasin da na bari.

Yaya birkila ne. Kafin yaƙi a sashen ayyuka na En'e yake, wato hukumar gargajiya, kwalbatoci da yawa a hanyar Zango da hannunsa a ciki. Ba shi da yawan magana. In muna tafiya ya ga katanga ta karkace, ko ta gidan wa ce, sai ya tsaya ya ƙura mata ido har sai an janye shi. Da aka fara ɗiban soja ya tafi, suka ga sana'arsa suka sa shi cikin injiniyoyi, masu gina gada da gyaran hanya da binne nakiya da tone ta. Wasiƙunsa da ajami yake rubutawa, gajeru, yawancinsu gaisuwa ne da tambayar ko an yi wa soron gida yaɓe kafin damina.

Bayan wata uku da zuwan takardar aka ce yaƙi ya ƙare. Sojoji suka fara dawowa, wasu da ƙafafunsu, wasu da sanda. Inna ba ta taɓa cewa in je in duba ko yana cikinsu ba. Sai dai ta aike ni tasha in ga ko goron Kano ya iso, ko in tambayi direba ko ƙanwarta ta aiko da saƙo, kuma kullum aiken yakan faɗo ranar da aka ji labarin wata mota ta kawo sojoji. In na dawo sai in ce goro bai iso ba. Ta ce to.

Haka muka yi shekara biyar. Matar Yaya ta jira shekara huɗu, sannan danginta suka kai magana gaban alƙali, ta yi takaba, ta yi aure a Sandamu, ta bar wa Inna 'yarsu. Inna da kanta ta haɗa mata kaya. Amma da Baffa ya kawo shawarar a tara malamai a yi wa Yaya addu'ar da ake yi wa mamaci, ba ta ce a'a ba, ta dai shiga ɗaki ta kwanta kwana uku ba ta cin abinci. Ba a ƙara tayar da zancen ba.

A waɗannan shekarun garin ya fara sauya kama. Arzikin mai ya iso har wajenmu. Ko'ina ka juya ana sauke buhunan siminti, ana kwance rufin azara ana ɗora kwano, kowane shago da rediyo a buɗe. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi sai kusan kowane malamin makaranta ya sayi babur, ni ma na saya. Abokaina suna hawa su je zance ko kallon ƙwallo. Ni kuwa da an tashi daga makaranta sai in hau in nufi Mai'adua, in wuce har bakin iyaka a Kwangwalam, in tsaya in dubi motocin da ke shiga Nijar, in juyo. Wata rana kuma hanyar Baure nake miƙewa. Ba ni da abin yi a can. Zama ne ba na iyawa. In na zauna cin tuwo a gida na ga Inna ta ɗaga kai don an taɓa ƙyauren zaure, sai in tsame hannu in fita. Na nemi a mayar da ni makarantar ƙauye, aka mayar da ni, ban yi zango biyu ba na nemi a dawo da ni gari. Shugaban makarantarmu ya taɓa tambayata ko wani abu ne ke bina. Takardar tana cikin wani littafin lissafi na 'yan aji shida a ƙasan akwatina, nakan ciro ta in karanta kamar wata rana za ta faɗi wani abu dabam.

Ranar da na faɗa wa Inna, farkon damina ne, saura mako ɗaya a ba da dogon hutu. Na same ta a inuwar rumbu tana tsince waken iri. Na durƙusa na gaishe ta, na ce akwai maganar da na rage a takardar nan ta soja. Na faɗa mata sauran, kalma bayan kalma, kaina a ƙasa.

Ba ta daina tsintar ba. Ta ce ta sani tun ranar cewa akwai saura, domin ta ga idona ya bi layin har ƙarshe, amma Hausar da ta fito daga bakina gajera ce. Na tambaye ta me ya sa ba ta ce komai ba duk shekarun nan. Ta ce ai ita ma gajerar take so.

Can ta zuba tsakuwar da ta tsince a ƙasa ta ce, "Zato suka ce. Ba na yin sadaka a kan zato. In ya rasu, ka nemo mini ranar."

Ran da aka ba da hutu na kama hanyar Kaduna. A barikin da na fara zuwa na yi kwana biyu ina zama a benci. Abin da kowa ke fara tambaya shi ne lamba, suna ba ya amfani da komai a wurinsu. Da na miƙa takardar ga wani akawu mai kaki, ya ɗaga ta wajen taga ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk karatun da na yi mata: harafin ƙarshe na lambar bai fito sosai ba, keken rubutun ya ci shi, yana iya zama uku, yana iya zama takwas. Ya ce ko ma wanne ne, rajistar waɗanda suka mutu ko suka ɓace ba a nan take ba, sai Ikko, can bakin teku.

Ban taɓa tsallake kogin Kwara ba sai a wannan tafiya. A jirgin ƙasa na kasa zama a kujerata, na yi ta zirga-zirga daga tarago zuwa tarago, har wata tsohuwa mai kai busasshiyar kuɓewa kudu ta ce in zauna haka nan, ina sa mata jiri. Ikko kuwa ta fi ƙarfin bayanina. Motoci sun cunkushe tun daga tasha, mutum ya fi mota sauri, a teku jiragen ruwa jere har inda ido ya ƙare, an ce duk siminti ne suke jiran saukewa. Na sauka wajen wani mutumin garinmu mai sayar da fata, kullum da safe in taka zuwa ofishin ajiye takardun soja.

Kwana huɗu ana ce mini in dawo gobe. Ba wulaƙanci ba ne, mutane ne suka yi yawa: mata da goyo, tsofaffi da takardu a ƙunshe cikin leda, kowa da wanda yake nema, kowa da yarensa. A rana ta biyar wani saje mai furfura a gemu ya ji ina magana da wani Bakatsine a layi, ya kira ni da Hausar bariki ya tambayi abin da ya kawo ni. Shi mutumin kudu maso yamma ne amma a Zariya ya girma. Ya shigar da ni wani dogon ɗaki mai warin tsohuwar takarda, fanka ɗaya tana juyawa a sama, ya sauko da manyan littattafai uku masu bangon ƙyalle ya ajiye mini a tebur. Ya ce ba a fita da su, ba a rubutu a cikinsu, kuma in wanke hannuna da ke gumi kafin in taɓa.

Kowane shafi an ja masa layuka: lamba, muƙami, suna, runduna, abin da ya faru, rana, wuri. A gurbin abin da ya faru ba a rubuta jimla, haruffa uku ko huɗu ne kawai, sajen ya koya mini ma'anarsu. Wannan an kashe shi a fagen daga, wannan rauni ne ya yi ajalinsa, wannan ciwo, wannan ba a gan shi ba. Hannun masu rubutun yana sauyawa daga shafi zuwa shafi, wani mai kyau kamar na malamin aji ɗaya, wani kamar a guje aka yi shi.

Abin da ban zata ba shi ne yawan masu sunan Yaya. Da yawa in za su shiga soja sukan bar sunan uba su ɗauki sunan gari, kuma duk wanda ya fito daga yankinmu, ko daga Mashi ne ko daga tsallaken iyaka, Daura yake cewa. Kafin azahar na sami mutum huɗu masu sunansa sak. Biyu lambarsu ta yi nisa da tamu, na bar su. Na ukun lambarsa daidai take da ta takardata, da uku a ƙarshe. An kashe shi tun shekarar farko ta yaƙin. Na daɗe ina kallon layin kafin hankalina ya dawo na tuna Yaya ya aiko mana wasiƙa shekara biyu bayan wannan rana. Kuma wannan sojan ƙasa ne, ba injiniya ba. Ɗan wasu ne, wataƙila ma daga unguwar da ke bayan tamu. Na yi masa addu'a na buɗe gaba.

Na huɗun yana cikin littafi na uku, da takwas a ƙarshen lamba, rundunar injiniyoyi. Haruffan da ke gabansa su ne na takardarmu: ba a gan shi ba, ana zaton an kashe shi. Amma an ja layi a kansu da jan tawada, an yi ƙaramin rubutu a sama, an kuma yi wani a gefen shafi. Ban gane ba, na kira sajen. Ya sa tabarau ya bi da yatsa. Ya ce rubutun farko yana nufin an same shi da rai, ya koma rundunarsa, kwana biyu bayan an daina yaƙi. Na biyun kuma yana nufin ya rasu, hatsarin nakiya, kwana tara bayan komawarsa.

Na roƙe shi ya sake karanta mini. Ya sake. Wato ranar da na tsaya a tsakar gidanmu da takarda a hannu, Yaya yana da rai. Ranar da aka yi ta guɗa a gari don yaƙi ya ƙare, yana da rai. Na tashi na fita waje na zagaya ginin sau biyu a cikin yayyafi, na dawo na zauna.

Sajen ya nemo fayil ɗinsa, siriri, bai fi takardu shida ba. A ciki akwai kwafin wata wasiƙa ta biyu da aka rubuta don sanar da mu rasuwar, da sunan mahaifinmu a kai, ta hannun wurin aikin Yaya na dā. Ba ta taɓa iso mu ba, kuma har yau ban san inda ta tsaya ba. Takarda ta ƙarshe rahoton mutuwar ce: rabin shafi, sunan wani ƙauye da na kasa furtawa, sa hannun hafsa, sai dangwalen yatsan wani kofur a matsayin shaida. Sajen ya ce wannan kofur in yana raye shi zai san abin da takarda ba ta faɗa ba. Ya shiga wani ɗakin ya daɗe, ya fito da 'yar takarda. An sallami kofur ɗin saboda rauni, adireshinsa kuma wani ƙauye ne a gundumar Baure.

Na yi dariya ba da niyya ba. Sau nawa na bi ta wannan hanya a kan babur ba tare da dalili ba.

Da na dawo Daura ban shiga gida ba. Na ajiye jakata a ɗakin wani abokina, na ɗauki babur ɗina da na bar masa, na kama hanyar Baure da hantsi. Gero ya kai gwiwa, hanya duk taɓo, sau biyu ina sauka in tura. A ƙauyen ban sha wahalar nemansa ba, kowa ya san tsohon soja mai injin niƙa. Na same shi a rumfarsa fari fat da gari, mata sun jera ƙwarya suna jira. Dogo ne, hannunsa na hagu saura yatsu biyu, kuma sai ka tsaya ta damansa yake jin magana. Na jira har ya sallami na ƙarshe ya kashe injin. Na gaishe shi na faɗi sunan Yaya.

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Kai ne ƙanen nasa malamin makaranta."

Ya shimfiɗa mana buhu a gindin wata bedi, ya sa aka kawo fura. Ya ce shi a zatonsa tuni mun sani, shi ya sa bai zo ba. Ya yi niyyar zuwa gaisuwa shekarar da ya dawo, sai kunya ta hana shi shiga gidan da zai tarar da uwar mutum, shi ya dawo ɗanta bai dawo ba. Daga nan shekara ta bi shekara.

Ga abin da ya ba ni labari. Suna cikin haɗa gadar ƙarfe a wani kogi aka far musu. Yaya yana tsallaken can yana ɗaure igiya, aka datse shi, kowa ya ɗauka ya tafi. Ashe abokan gaba ne suka kama shi. Da suka gane magini ne sai suka sa shi aikin gyaran hanya da gina ramukan ɓuya, ana ba shi rogo sau ɗaya a yini, wani lokaci ba a bayarwa don su ma ba su da shi. Da aka daina yaƙi ya tako da ƙafa ya iso sansaninsu, ƙashi da fata, sanye da wandon wani. Kofur ya ce da ya gan shi sai da ya taɓa shi kafin ya yarda. Hafsansu ya ce ya huta, da an sami mota za a tura shi gida hutu. Kofur ya ce masa ya rubuta wasiƙa mana, Yaya ya ce wasiƙa ba za ta riga shi isa ba, gara ya yi sallama a zaure da bakinsa.

To kafin a kama shi, shi da mutanensa sun binne nakiyoyi a wata 'yar hanya da ke gangarawa rafi, kusa da ƙauyen da suka yi sansani. Takardar da aka zana wuraren a kai ta ɓace a ranar arangamar. Ga mutanen ƙauyen sun fara fitowa daga daji suna komawa gidajensu, kuma rafin nan shi ne ruwan shansu. An kafa sanda an ɗaura jan ƙyalle, amma mata suna ratsawa ta gefe da tuluna. Cikin waɗanda suka binne, Yaya kaɗai ya rage. Ya ce ya tuna wuraren, da taku ya auna su daga wata bishiyar kwakwa. Ba wanda ya sa shi.

Kwana uku suna tonewa, shi a gaba a durƙushe, kofur a baya da tazara yana karɓa. A rana ta huɗu da hantsi suka zo kan wadda ruwan damina ya gusar daga inda aka sa ta, ta tashi da su. Kofur ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna mini, bai ƙara bayani ba. Ya ce Yaya bai rasu nan take ba, ya kai azahar, yana cikin hankalinsa, ya yi kalmar shahada. Na tambaye shi ko ya bar wani saƙo. Ya yi tunani ya ce abin da ya fi nanatawa shi ne saura biyu, suna hagu da kututture, kada a bar kowa ya bi. Washegari aka tone su a inda ya faɗa.

Da hannu ɗaya a naɗe kofur ya tsaya aka yi masa wanka. Musulmi bakwai suka sallace shi. Ba su san gabas ba a wannan kurmi, sai da hafsan ya kawo kamfas ɗinsa aka daidaita kabarin. Mutanen ƙauyen ne suka haƙa, a bayan makarantarsu.

Na kwafo ranar daga rajista, amma ta Bature ce, Inna kuwa ba da ita take lissafi ba. Na kai wa limamin unguwarmu, ya buɗe tsofaffin kalandunsa, ya ce Litinin ce, cikin Zulƙida, saura mako uku babbar Salla. Sannan na shiga gida. Na fara faɗa wa Baffa a zaure, shi ya shiga ya faɗa mata, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ta yi salati a hankali. Ta tambayi ranar, na faɗa. Ta ce a wannan Sallar ta ajiye masa cinyar rago har ta bushe.

Ranar Juma'a na ɗauko kofur a bayan babur na kawo shi. Ya zauna a tabarma a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan asabari. Na zata za ta yi masa tambayoyi da yawa. Uku ta yi: ko an yi masa sutura, ko an sallace shi, ko ya sha ruwa kafin ya cika. Ya amsa duka da e. Ta sa masa albarka ta ce, "Ka riƙa zuwa, ɗana. Gidanku ne." Ya riƙa zuwa kuwa, duk ranar da ya shigo Daura sayen man inji.

Aka yi zaman makoki na kwana uku kamar jiya aka yi rasuwar. Tsohuwar matarsa ta zo daga Sandamu da izinin mijinta. 'Yarsa, wadda ba ta san fuskarsa ba sai a hoto ɗaya, ta zauna cikin mata ana yi mata ta'aziyya tana amsawa yadda aka koya mata. Abokan aikinsa na En'e suka zo, tsofaffi, wasunsu yanzu 'yan kwangila ne da motocinsu.

Na ɗauka daga nan zan zauna lafiya. Na sami sauƙi, amma ƙafata ba ta daina ƙaiƙayi ba. Bayan shekara uku, a wani dogon hutun, na ce wa Inna zan je kwas a Zariya, na wuce kudu maso gabas, inda aka yi yaƙin, da sunan ƙauyen a rubuce. Kwana uku na yi a hanya, mota huɗu. Na sami makarantar, amma an faɗaɗa ta, an yi sababbin azuzuwa biyu na bulo a bayanta, sauran filin kuma an shuka rogo. Shugaban makarantar baƙo ne a garin, bai san komai ba, ya dai karɓe ni da mutunci ya haɗa ni da wani dattijo mai jin Turanci kaɗan. Dattijon ya tuna da sojan arewa da nakiya ta tashi da shi. Ya kai ni bayan azuzuwan ya nuna wani wuri, sannan ya yi shakka ya nuna wani, taku goma daga na farkon. Na tsaya a tsakaninsu na yi addu'a.

Daga nan ya tambaye ni ko ina son ganin rafin. Muka gangara ta wata siririyar hanya mai santsi, muna matsawa gefe mata suna wucewa da bokitai a ka. Tafiyar ba ta kai minti goma ba. Ruwan sanyi ƙarara, na yi alwala na yi azahar a kan wani faffaɗan dutse, dattijon yana zaune yana jirana. Da na idar ya ce in ina son samun motar da ke fita garin yau sai mu hanzarta, ɗaya ce, kuma direban ba ya jiran kowa. Muka hau tudun da sauri, shi a gaba duk da tsufansa, ni ina haki a baya.